TSOHON INJIN DIZAL NA PEUGEOT: KAFIN A ƊORA SHI A MOTA, A YI LISSAFI

Daga wakilinmu a Keffi

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta ratsa Keffi ya san cewa garin nan ba ya rabo da ƙugin mota. Ta yamma ma'aikata ne ke rububin shiga Abuja ta Masaka da Mararraba. Ta gabas motoci ne ke miƙawa Garaku da Akwanga, daga can wasu su gangara Lafiya da Makurɗi, wasu su haura Jos. Ta kudu kuwa ga hanyar Nasarawa da Toto, inda doya da rogo da riɗi ke fitowa. A cikin wannan hada-hada har yanzu akan ga tsohuwar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, musamman ma a-kori-kura, ta sha kaya har ta durƙusa, tana tafe sannu a hankali ranar kasuwa.

Masu irin waɗannan motoci galibi ba masu hali ba ne. Motar ita ce gonarsu, ita ce jarinsu, da ita ake ci, da ita ake biyan kuɗin makaranta. Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, kuɗin mai ya zama shi ne ke cinye rabin wahalar direba. Wannan ne ya farfaɗo da wata tsohuwar shawara da akan ji a gareji da tasha, watau a sauke injin fetur a ɗora na dizal, man da direbobi ke kira gas, tun da an ce ba ya shan mai kuma ba ya mutuwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba, kuma abin da aka bari ba a faɗa ba shi ne ke iya cinye jarin mutum.

ASALIN INJIN

Injin da ake magana a kansa shi ne wanda kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya yi wa laƙabi da Indenor, daga baya aka fi saninsa da haruffan XD. A birnin Lille da ke arewacin Faransa aka riƙa ƙera shi. Ya fara fitowa a cikin mota samfurin 403 a shekarar 1959, lokacin da mutanen Turai da yawa ke ganin dizal man manyan motoci ne da tarakta kawai. Domin kawar da wannan tunani, a shekarar 1965 kamfanin ya ɗora injin a wata 404 da aka gyara musamman, aka sa ta zagaye filin tsere na Montlhéry kusa da Paris har sa'o'i 72, direbobi suna karɓa-karɓa, tana gudun kimanin kilomita 160 a sa'a. Daga nan ne sunansa ya fita.

Iyalin wannan inji suna da yawa, kuma wajibi ne mai saye ya san su, domin a ido duk kamarsu ɗaya. Akwai XD88 mai girman si-si 1,948, wanda aka sa wa 404 da wasu 504. Akwai XD90 mai si-si 2,112. Sai XD2 mai si-si 2,304, watau lita 2.3, mai ƙarfin doki 70, wanda shi ne aka fi sani a 504 da 505 na farko-farko. Babbansu shi ne XD3 mai si-si 2,498, mai ƙarfin doki 76. Biyun ƙarshe suna da samfurin da aka ƙara wa tabo, watau na'urar nan da hayaƙin salansa ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska: XD2S mai ƙarfin doki 80, da XD3T mai 95. Motar 604 da ta fito da XD2S a 1979 ita ce ƙaramar motar dizal mai tabo ta farko da aka sayar a kasuwar Turai.

YADDA AKA GINA SHI

Dukkansu silinda huɗu ne a jere. Gangar jikin injin ta zubin baƙin ƙarfe ce mai kauri, amma murfinsa na sama, wanda kanikawa ke kira top, na alminiyam ne. A riƙe wannan magana, domin za mu dawo kanta.

Injin dizal ba shi da kafireto, ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska zalla fistin ke zuƙa, ya matse ta har sai ta koma kimanin kashi ɗaya cikin 22 na girmanta, alhali a injin fetur na 504 matsin bai kai ɗaya cikin tara ba. Iskar da aka matse haka takan yi zafin da, da zarar nozul ya fesa mata mai, sai ya kama da kansa. A injin XD ba kai tsaye ake fesa man a kan fistin ba. Akwai wani ɗan kogo a cikin top, ƙirar injiniyan Ingila Harry Ricardo, inda iska ke juyawa kamar guguwa, a nan wutar ke tashi sannan ta faɗa cikin silinda. Shi ya sa da sanyin safiya sai an jira hita ta ɗumama kogon kafin a murza makulli.

Famfon da ke raba wa nozul mai, wanda aka fi sani da injekta, na kamfanin Bosch ne ko na Roto-Diesel, kuma ƙarfe ne ke juya ƙarfe, babu kwamfuta ko ɗaya a cikinsa. Haka kuma ba bel na roba ne ke daidaita buɗewar bawul ba, sarƙa ce ko haƙoran ƙarfe, gwargwadon samfuri. Idan injin ya tashi, buƙatarsa ga lantarki kaɗan ce ƙwarai. Wannan sauƙin gini shi ne sirrin ƙarkonsa, shi ne kuma ya sa har yanzu a ƙasashe irin su Senegal ake ganin tsofaffin 504 da 505 masu ɗaukar fasinja bakwai suna zirga-zirga tsakanin garuruwa.

Sai dai mai neman gudu ya nemi wani. Injin XD2 yana ba da iyakar ƙarfinsa ne a juyi 4,500 a minti, kuma 504 mai ɗauke da shi ba ta cika wuce kilomita 140 a sa'a ba, alhali ta fetur mai lita 2 tana da ƙarfin doki fiye da 90. Abin da dizal ya fi shi ne ja tun daga ƙasa, watau jan kaya ba tare da an taka totur har ƙasa ba.

DALILIN DA YA SA BAI YAWAITA A NAN BA

Mai karatu zai iya tambaya, in haka injin yake, me ya sa ba mu cika da shi ba, alhali Nijeriya gidan Peugeot ce? An kafa kamfanin Peugeot na Nijeriya a 1972, masana'antarsa da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har zuwa 2006, shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Amma akasarin abin da Kaduna ta fitar na fetur ne. Dalili kuwa a fili yake: fetur ya yi shekara da shekaru yana da araha saboda tallafi, shi kuwa dizal gwamnati ta janye hannunta daga farashinsa tun da daɗewa. Ba wanda zai sayi mota mai tsada, mai ƙara, mai nauyin tashi, don ya tsimi man da ake sayarwa kamar kyauta.

Wannan tarihi yana da tasiri a kan mai mota na yau ta fuska biyu. Na farko, kanikawanmu a kan injin fetur na Fijo suka ƙware, suna iya kwance shi su mayar ido rufe, amma masu gyaran famfon injekta da nozul ba su da yawa, kuma aikinsu na buƙatar injin gwaji na musamman. Na biyu, injin XD da za a samu a kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, Nkpor kusa da Onitsha, Apo a Abuja, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, tsoho ne da aka cire daga wata mota. Turai ta daina sa shi a ƙananan motoci tun farkon shekarun 1990. Ke nan duk wanda ya fito daga can ya haura shekara 30 a duniya, kuma ba wanda zai iya rantsewa a kan tafiyar da ya yi.

ƘARKONSA DA LAGONSA

Ƙasan injin XD, watau ganga da karanshaf, da wuya su ba da matsala muddin akwai baƙin mai mai kyau. Lagonsa yana sama. Alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji zafi. Saboda haka duk ranar da injin ya yi zafi fiye da kima, top yakan motsa a kan ganga, gasket ya ƙone, wani lokaci top ɗin ya lanƙwashe ko ya tsage tsakanin bawul da bawul. Injin fetur yakan yafe wa direba tafasa ɗaya ko biyu. Wannan kuwa, saboda tsananin matsin da ke cikinsa, sau da yawa tafasa ɗaya ta isa.

To, a dubi ƙasar da za a sa shi aiki. A watannin Maris da Afrilu zafin Keffi kan haura digiri 35. Motar da aka yi don ɗaukar kaya daidai gwargwado akan labta mata ninki biyu. Ga hawan tsaunin Nasarawa Eggon a hanyar Lafiya, ga hawan Jos, ga cunkoson Mararraba inda mota kan yi sa'a guda tana tafiyar hawainiya, iska ba ta bugun lagireto. Daɗin daɗawa, ga al'adarmu ta zuba ruwan rijiya ko na rafi a lagireto, wanda ke toshe ƙananan bututu da laka da tsatsa, yana kuma cin alminiyam daga ciki. Wasu kanikawa kan cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa su jefar, da sunan maganin tafasa, alhali kuwa ɓoye cutar suka yi, ba su warkar da ita ba. Wanda zai riƙe wannan inji sai ya ɗauki lagireto da fanbel da fanka da famfon ruwa tamkar idonsa, ya riƙa zuba ruwan sanyaya inji na kanti, kuma agogon zafi ya kasance yana aiki. In aka taɓa kwance top, sai an ɗaure kusoshinsa bi da bi, bisa tsari, da sifana mai ma'auni, ba da ƙarfin damtse ba.

Lago na biyu shi ne mai. Famfon injekta irin na Bosch da Roto-Diesel da man dizal ɗin kansa yake samun santsi. In aka gauraya man da kananzir, kamar yadda wasu 'yan bumburutu kan yi, santsin ya ragu, ƙarfe ya ci ƙarfe. In ruwa ya shiga, tsatsa ta kama sassan da aka ƙera su da ma'aunin da ya fi gashin kai siranta. Don haka matatar mai da ɗan kofin da ke tare ruwa a ƙarƙashinta ba kayan ado ba ne. Haka nan ƙurar hunturu: dizal yana zuƙar iska mai yawa, matatar iska da ta yage kuwa takan mai da ƙura ta zama yashin goge ringi. Baƙin mai kada ya wuce kilomita 5,000 ba a juye shi ba, domin irin wannan inji yana saurin cika shi da toka. Sannan a guji ɗabi'ar nan ta fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska don injin ya tashi da safe. Gyaran hita ya fi sayen top araha.

WACE MOTA YAKE SHIGA?

A gidan Peugeot, XD na motocin da ƙafafun baya ke turawa ne, waɗanda injinsu ke kwance a tsawon mota: 404, 504, 505 da 604, sai kuma motocin kaya J7 da J9, ko da yake su ƙafafun gaba ne ke jan su. Wasu kamfanoni ma sun saya sun sa a nasu. Ford ta sa shi a Granada da Sierra da Scorpio, kamfanin Mahindra na Indiya kuma ya karɓi izinin ƙera shi don jif-jif ɗinsa. Wannan ya sa ana iya samun injin da cikinsa ɗaya ne da na 504, amma kwanon baƙin mai da ƙafafun zama da bakin salansa da wurin haɗuwa da giyabos duk sun bambanta.

Akwai ruɗani biyu da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, XD daban, XUD daban, ko da yake harafi ɗaya ne ya raba su. XUD ya fito ne a 1982, mai si-si 1,769 ko 1,905, shi ne a cikin 305, 405, 306 da 406 na farko. A gicciye yake zama, ƙafafun gaba yake ja, kuma bel na roba gare shi wanda in ya tsinke bawul kan daki fistin. Na biyu, injin dizal mai lita 2.5 da ke cikin J5, motar da ke ɗauko mana tumatir da albasa, ba XD3 ba ne, asalinsa na kamfanin Citroën ne. Shi kuwa HDi da ya fito a 1998, kwamfuta ce ke sarrafa shi, wata duniya ce daban.

Ko da an sami XD na 504 sak, ɗora shi a motar da aka haifa da fetur ba cire wannan a sa wancan ba ne kawai. Injin fetur na 504 a karkace yake zama sosai, na dizal kuwa karkatarsa kaɗan ce, don haka ƙafafun inji da kwaryar da ke haɗa shi da giyabos sai an nemo nasu. Ya fi nauyi, saboda haka sifirin gaba za su ji a jikinsu. Yana buƙatar babban batir da kik mai ƙarfi da wayoyin hita. Yana buƙatar lagireto irin nasa. Tanki sai an wanke shi, a ja bututun da ke mai da ragowar mai. Haƙoran aksul na baya ma sai an duba, tun da juyin dizal bai kai na fetur ba.

Abin da ya fi duka haɗari shi ne birki. A motar fetur, zuƙar da injin ke yi ita ce ke taimaka wa ƙafar direba idan ya taka birki. Injin dizal ba ya samar da wannan zuƙa, sai an sa masa wani ɗan famfo na musamman. Idan aka manta da shi, ko aka sa wanda ya gaji, birki zai yi tauri kamar dutse a daidai lokacin da ake gangara da buhu 20 na doya a baya. Wannan ba maganar asarar kuɗi ba ce, maganar rayuka ce. A ƙarshe, lambar inji tana cikin takardun mota. Wanda ya sauya inji bai je ofishin lasisi an gyara takarda ba ya sayi rigima da jami'an hanya.

LISSAFIN MAI

Yanzu sai mu zo ga abin da ya tayar da maganar. Mu ɗauki misali kawai: a ce motarka ta fetur tana shan lita 11 a kowace kilomita 100, ta dizal kuma tana shan lita 8. In kana tafiyar kilomita 200 a yini, ka tsimi lita 6. Amma wannan riba tana nan ne kawai muddin kuɗin litar dizal bai zarce na fetur da fiye da kashi ɗaya cikin uku ba, ko ɗan sama da haka kaɗan. Da ya wuce nan, ribar ta koma asara.

Tarihin 'yan shekarun nan ya isa darasi. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, litar dizal ta haura naira 700 alhali fetur na ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati. Mai motar dizal a shekarar nan kuka ya yi. Bayan janye tallafi a 2023, da kuma fara fitar da dizal daga matatar Ɗangote a 2024, tazarar ta ragu ƙwarai, har lissafin ya fara karkata. Wanda ya ga wannan juyi cikin shekara biyu ya san ba a gina gida a kan farashin mai. Har ila yau a tuna cewa gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mai da motoci masu amfani da iskar gas a 2023, kuma injin fetur ne ke karɓar wannan sauyi cikin sauƙi. Wanda ya koma dizal ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga littafin direba. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji ta huhu. Tsohon inji mai gajiyayyen nozul yana tuttuɗa baƙin hayaƙi, kuma masu shaƙarsa su ne yaran mota da 'yan talla da masu zama a bakin tasha.

KAFIN A MIƘA KUƊI

Wanda duk da haka ya ƙudura saye, ya tafi da bakaniken da ya san dizal, kuma ya nace a tayar da injin yana da sanyi, domin inji mai ɗumi yakan ɓoye aibinsa. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan 'yan mintoci alamar raunin matsi ne ko ruwa na shiga silinda. Shuɗin hayaƙi na nufin yana ƙona baƙin mai. Baƙi ƙirin kuwa nozul ne ko famfo. A buɗe marfin baƙin mai injin na aiki: in yana huci kamar tukunya, ringi sun tafi. In baƙin man ya yi kalar koko da madara, ruwa ya shiga. Sai dai a kasuwa a ƙasa ake tayar da inji, na ɗan lokaci, ba lagireto, don haka tsagewar top ba ta bayyana sai an ɗora an yi tafiya. Saboda haka a ƙulla sharaɗin mayarwa a rubuce, a gaban shaidu, kafin kuɗi su bar aljihu.

A taƙaice, ga wanda motarsa da dizal aka haife ta, yana doguwar tafiya da kaya kullum, yana da gidan man da ya amince da shi da mai gyaran famfo da ya sani, wannan inji abin riƙewa ne, da tsohuwar zuma ake magani. Amma mai 504 ta fetur da ke ɗan zagaye tsakanin Keffi da ƙauyukan kewaye, kuɗin da zai kashe wajen sayen inji da lagireto da batir da famfon birki da aikin bakanike zai daɗe bai fanshe su ba. Sau da yawa gyaran kafireto, da sabbin fulogi, da daidaita iskar taya, da rage lodin da ya wuce kima, za su tsimar masa da man da yake nema ba tare da ya taɓa jarinsa ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. A zauna da takarda da alƙalami tukuna, sannan a kira bakanike. Allah ya kiyaye hanya.